Cin abincin da babu komai na dabba a Roma: gidan vegano, trattoria, shagon pizza ko kasuwa?

Daren farko da na sauka a Roma na shiga wani ƙaramin gidan abinci a bayan tashar jirgin ƙasa ta Termini, na duba takardar abinci sama da ƙasa, na zaɓi abin da na ga ya fi kowanne lafiya: taliya da wake. Na ce wa mai kawo abinci ba na cin nama, ya gyaɗa kai. A cokali na uku na ɗago wani abu mai santsi, fari-fari, kamar ganda. Na kira shi na nuna masa. Ko a jikinsa, ya ce ai wannan fata ce, don ɗanɗano ake sakawa. Fatar alade yake nufi. Kuma ba yaudarata ya yi ba, a lissafinsa nama shi ne tsokar da ake yankawa a ɗora a faranti, abin da aka jefa a tukunya don romo ya yi daɗi ba ya cikin ƙidaya.

Wannan rubutu na wanda zai kwana biyu ko mako guda a Roma ne, yana so ya ci abin da babu nama, kifi, ƙwai, madara ko kitsen dabba a ciki. Italiyawa suna kiran irin wannan abinci vegano, kuma da wannan kalma zan ci gaba tunda ita za ka gani a allunan shaguna. Masu nemansa iri uku ne a sanina. Akwai wanda ya bar kayan dabba gaba ɗaya bisa ra'ayi, akwai wanda likita ya hana, akwai kuma irina, da muke cin tsire da kilishi a gida amma da mun shiga Turai sai mu koma 'yan ganye don gudun alade da naman da ba mu san yankansa ba. Buƙatun ukun nan sun yi kama, amma akwai inda suka rabu, kuma a nan mutane suke yin kuskure.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko tabbas: yaya yiwuwar a ɓoye maka wani abu a cikin abincin? Abubuwan da ke ɓuya a girkin Roma sanannu ne. Akwai guanciale, wato kumatun alade da aka busar da gishiri, shi ne tushen taliyar gargajiya irin su carbonara da amatriciana da gricia. Akwai strutto, narkakken kitsen alade da wasu gidajen burodi ke sawa a ƙullu. Akwai alici, wasu 'yan mitsi-mitsin kifi masu gishiri da ake narkarwa a mai har su ɓace. Akwai cukun pecorino da ake barbaɗawa ko ba ka nema ba, da romon nama, da ƙwai a cikin ɗanyar taliya irin su fettuccine da tonnarelli. Busasshiyar taliya, spaghetti da penne da rigatoni, alkama ce da ruwa kawai.

Sai giya. Giyar inabi tsiro ce, don haka mai dafa vegano ba ya ganin laifinta, yana iya kwara ta a shinkafar risotto ko a miya. Ga Musulmi wannan babbar magana ce, kalmar vegano ta rufe masa ƙofar alade amma ta bar ta giya a buɗe.

Na biyu kuɗi. Farashin da zan ambata kimantawa ce ta mutum ɗaya a ci ɗaya, a yuro, kuma yana hawa da zarar ka kusanci Kolosiyam ko maɓuɓɓugar Trevi. Na uku sauƙin samu, wato nisa da lokacin buɗewa. Na huɗu ɗorewa, ta fuska biyu: shin abincin zai riƙe ciki ga mai yawo a ƙafa wuni guda, kuma shin za ka iya maimaita shi kwana bakwai ba tare da ka gundura ko aljihu ya huje ba? Na biyar, wanda wasu za su ce ba dole ba ne amma ni ina ƙirga shi, ko ka ɗanɗani garin. Ba ka biya kuɗin jirgi zuwa Italiya don ka wuni kana cin ayaba a ɗaki ba.

Gidajen da vegano kaɗai suke sayarwa

Suna nan, kuma wasu sun daɗe. Il Margutta, a titin Via Margutta kusa da dandalin Piazza del Popolo, tun 1979 yake sayar da abincin da babu nama, sai dai shi akwai cuku da ƙwai a wasu girke-girkensa, don haka sai ka bi alamar da ke gefen kowane abinci. Rifugio Romano, 'yar tafiya kaɗan daga Termini, ya yi suna wajen kwaikwayon abincin gargajiyar Roma ba da kayan dabba ba, har da carbonara. Akwai Flower Burger mai burodi launi-launi, wanda asalinsa daga Milan ne. A unguwar Monti akwai Grezzo, na cakulan da askirim. Da yawa daga irin waɗannan gidaje suna amfani da awara, wadda su suke kira tofu, da wani abu mai suna seitan da ake yi daga danƙon alkama, yana da tauri a baki kamar nama.

Ta fuskar tabbas babu kamarsu. Ka zauna, ka nuna da yatsa, ka ci, babu dogon turanci. Wanda ya gaji da tambaya zai gane daɗin wannan. Tambaya ɗaya ta rage wa mai gudun giya: "C'è vino?", wato akwai giya? Ka yi ta musamman a kan risotto, miyar taliya mai kwaikwayon ta niƙaƙƙen nama, yankakken seitan da aka soya a kasko, da kayan zaƙi irin su tiramisù.

Kuɗi kuwa sai an daure. Faranti ɗaya yakan kama daga yuro 12 zuwa 18, in ka haɗa da ruwa da ɗan abin zaƙi ka tashi a 25 ko 30. Sau ɗaya ko biyu ba komai, amma safe da dare har mako guda sai mai hali.

Matsalarsu ta gaske nisa ce. A warwatse suke, wani a Ostiense, wani a Prati, wani a Pigneto, kuma yunwa ba ta jiran ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ka sauya layi. Ga lokaci: yawancin gidajen abinci na zama a Roma suna ba da na rana daga wajen 12:30 zuwa 3:00, su rufe kicin, sai 7:30 na dare. Da yawa suna da ranar hutu a mako, sau da yawa Litinin. A watan Agusta kuwa, musamman kewayen ranar 15 da suke bikin Ferragosto, sai ka tarar da takarda manne a ƙofa an tafi bakin teku. Ƙananan gidajen vegano kuma suna yawan buɗewa su rufe, wanda aka yaba bara ba lallai ka same shi bana ba.

Trattoria, gidan abincin gargajiya

Nan ne na fi son in daɗe, domin nan ne daɗin yake kuma nan ne haɗarin yake. Trattoria ita ce gidan abinci na iyali da za ka samu a kusan kowane lungu. Ba a rubuta vegano a ƙofarta ba, kuma in ka ambaci kalmar wani tsohon zai ɗaga gira. Amma girkin talakan Italiya tun asali na ganye da wake da man zaitun ne, kawai dai ba su sa masa suna ba.

Ka tsallake shafin nama ka gangara ƙasan takarda inda aka rubuta contorni, wato mahaɗai. A nan za ka ga cicoria ripassata, ganye mai ɗaci-ɗaci kamar shuwaka, an tafasa shi an sake juya shi a man zaitun da tafarnuwa da barkono. Duk wanda ya saba da kwaɗon zogale ko rama zai ji ya zo gida. Za ka ga dankalin turawa gasasshe, da gasasshen yalon turawa da tattasai, da wake a man zaitun. Daga ƙarshen sanyi zuwa wajen Afrilu akwai carciofi, wani toho mai ɓawo-ɓawo da mutanen Roma ke ji da shi: alla romana shi ne dafaffe da wani ganye ɗan uwan na'a-na'a da tafarnuwa, wasu suna zuba masa farar giya, sai a tambaya. A ɓangaren taliya akwai biyu da suke naka tun asali: penne all'arrabbiata, tumatir da tafarnuwa da barkono, da spaghetti aglio, olio e peperoncino, wanda ko ba ya cikin takarda kusan kowane kicin zai yi maka in ka roƙa. Ka ƙara da "senza formaggio", ban da cuku. A gidan pizza na zama kuma akwai marinara, wadda babu cuku a kanta, sai dai ka tabbatar ba su ɗora kifin nan ba, domin wasu suna yi.

Ga tarkunan da suke kama baƙo, kuma duka suna kama da abincin ganye. Puntarelle, salak ne mai kyan gani na lokacin sanyi, amma da kifin alici ake haɗa ruwansa. Fiori di zucca, furen kabewa soyayye, cikinsa cuku ne da kifi. Pasta e ceci, taliya da wani wake mai kama da gurjiya, a girkin Roma sau da yawa akan narkar da kifi a mansa. Vignarola, dafa-dukan ganyen bazara, galibi da guanciale ake fara ta. Taliya da wake kuwa kun ji labarina.

Akwai wata doka da za ta taimake ka rabin hanya. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169 ta shekarar 2011 ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya. Shi ya sa za ka ga ƙananan lambobi a gefen sunan abinci. A jerin da aka fi bi, 3 ƙwai ne, 4 kifi, 7 madara, amma ka duba fassarar lambobin a ƙarshen takarda don wasu gidajen suna da nasu tsarin. Na ce rabin hanya saboda nama da kitsen alade ba sa cikin 14 ɗin nan. Abinci zai iya fitowa babu lamba ko ɗaya a gefensa alhali an fara shi da kumatun alade. Don haka lambobi na ƙwai da kifi da madara ne, tambaya da baki kuma ta alade da romo da giya.

Kada ka ce "ba na cin nama" ka yi shiru. Ka ambaci abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Ni a waya na rubuta su, ina miƙawa a karanta: "Senza carne, senza pesce, senza uova, senza latte. C'è guanciale? Strutto? Alici? Brodo di carne? Vino?" Matambayi ba ya ɓata, kuma na lura in ka yi tambayar da sunan abin, mai kawo abinci yakan koma kicin ya tambayo maimakon ya amsa da ka.

Taliya irin wannan takan kama yuro 9 zuwa 13, mahaɗi ɗaya 5 zuwa 7. Ruwa na kwalba ne, ana biya, kuma burodin da aka ajiye maka ba kyauta ba ne, zai fito a lissafi. Riƙe ciki madalla. Gundura ce matsalar: in ka kwana biyar kana arrabbiata za ka fara mafarkin miyar kuka.

Wani reshe na wannan zaɓi shi ne tsohuwar unguwar Yahudawa, wadda Fafaroma Paul na huɗu ya killace a 1555, a kewayen Via del Portico d'Ottavia. Gidajen da ke bin ƙa'idar abinci ta Yahudawa, wato kosher, ba sa taɓa alade, kuma ba sa haɗa nama da madara a kicin ɗaya, don haka a gidan nama ganyen da za a kawo maka babu bota babu cuku. Nan ne asalin carciofi alla giudia, wanda ake soyawa a mai har ya buɗe kamar fure. Ba kowane gida a titin ne mai shaidar kosher ba, kuma man suyar yana iya zama wanda aka soya kifi a ciki. Tsada ma akwai, don 'yan yawon buɗe ido sun san wurin.

Shagon pizza ta awo da gidan burodi

In aka ce in zaɓi guda ɗaya tak don abincin rana, wannan zan ɗauka. Pizza al taglio ana gasa ta a dogon tire, a jera a bayan gilashi. Ka nuna wadda kake so, mai shago ya ɗora almakashi a kai ya dube ka, "Così?", haka? Ka ce a ƙara ko a rage, ya yanka, ya ɗora a sikeli, ya ɗumama, ya naɗe a takarda. Minti biyar ka gama, kuma abin da ya fi mini shi ne idonka na ganin abin da ke kai.

Uku ne naka kusan ko'ina: rossa, mai tumatir zalla, bianca, mai man zaitun da gishiri, da con patate, mai yankakken dankali, wadda wani lokaci akan shimfiɗa cuku a ƙarƙashin dankalin, sai ka duba da kyau. Gidan burodin da ke dandalin Campo de' Fiori ya shahara da bianca da rossa, Pizzarium na Gabriele Bonci kusa da tashar Cipro, bayan gidan tarihin Batikan, ya shahara da yawan iri, kuma ya fi na unguwa tsada. Amma shagon da ke ƙasan masaukinka ma zai wadatar.

Da yuro 4 zuwa 7 ka ƙoshi. Shagunan galibi a buɗe suke tun hantsi har dare ba tare da hutun rana ba, wanda ya sa su ne mafita da ƙarfe huɗu na yamma lokacin da trattoria ke rufe. Ruwa kuma kyauta: famfunan titi da ake kira nasoni suna zuba dare da rana, ruwan sha ne mai sanyi, ka riƙe gora kawai.

Haɗari biyu ne. Ƙullun pizza ta awo galibi da man zaitun ake yi, amma tambayar "C'è strutto?" ba ta cin kuɗi, musamman a kan burodi da kayan ƙwalam na gidan burodi. Na biyu almakashin: da shi aka yanka mai mortadella, wadda alade ce, kafin a zo kanka. Wanda wannan ke damunsa ya roƙi a goge ko a sauya, ko ya je da safe gidan burodi lokacin da rossa da bianca kaɗai suka fito. Supplì, dunƙulen shinkafa soyayye da ke gefen gilashin, ka bar shi, cikinsa cuku ne kuma sau da yawa da miyar nama. Raunin pizzar nan na ƙarshe shi ne fulawa ce da mai, babu abin gina jiki sosai. Tana kashe yunwa, amma in ita kaɗai ce kullum jiki zai faɗa maka.

Karin kumallo ma a nan zan saka shi a taƙaice. Shagon kofi, wanda su suke kira bar, yawanci yana da madarar waken suya, ka ce "cappuccino di soia". Da dama suna da cornetto vegano, wani ɗan burodi mai zaƙi na karin kumallo, na yau da kullum kuwa akwai bota da ƙwai. Sha a tsaye a kanta ya fi zama a tebur araha. A shagon askirim, na 'ya'yan itace galibi babu madara, amma a tambaya, kuma a kauce wa malaga da zabaione don akwai giya.

Kasuwa da kanti

Wannan na mai ɗaki da kicin ne, ko aƙalla firij. Kasuwar Esquilino, tsakanin Termini da Piazza Vittorio, ita ce wadda ɗan Afirka zai shiga ya yi ajiyar zuciya: doya, agada, kuɓewa, attaruhu, shinkafa buhu-buhu, wake iri-iri. Kasuwar Trionfale kusa da Batikan da ta Testaccio sun fi karkata ga kayan gonar Italiya. Kasuwannin nan na safe ne, da azahar an fara tattarawa, kuma ba sa ci ranar Lahadi. Ana saye da kilo ko da etto, wato giram 100. Kada ka sa hannu ka zaɓa kamar a 'Yankaba, mai kaya ne ke ɗebo maka. A kanti kuwa, irin su Conad, Coop da Carrefour, kai ne za ka sa safar leda ka ɗiba, a yawancinsu ka auna ka manna takardar farashi da kanka.

Tabbas a nan ya kai ƙololuwa don kai ne mai girki, har maganar giya ta kau. Kayan gwangwani da na leda suna da jerin sinadarai, wasu da tambarin VEGANOK. Kantin NaturaSì ya fi yawan awara da makamantanta amma ya fi tsada. Da yuro 10 zuwa 15 mutum ɗaya zai ci sau uku a rana: taliya, gwangwanin wake ko adas (wani ƙaramin wake mai faɗi), tumatir, burodi, 'ya'yan itace. Shi ne kuma zaɓin da ya fi ba da abin gina jiki, kuma shi kaɗai ne za ka iya yi wata guda ba ka gaji ba.

Abin da yake ci shi ne lokaci. In kwana biyu za ka yi, sayen man zaitun da gishiri da za ka bari a baya asara ce, kuma awa biyun da za ka ɓata a girki da wanke-wanke da ka ga wani abu a gari.

Gidajen abincin baƙi

Italiya ta mulki Eritiriya tun daga 1890, ta kuma mamaye Habasha daga 1936 zuwa 1941, shi ya sa Roma take da tsofaffin gidajen abincin mutanen can, wasu a kewayen Termini. Kiristocin Orthodox na ƙasashen biyu suna azumin barin kayan dabba ranakun Laraba da Juma'a, don haka girkin vegano a wurinsu gado ne. Za a kawo maka injera, faffaɗa mai tsami kamar sinasir, da shiro na garin wake, da adas mai yaji, da ganye, a ci da hannu. Ka ce na azumi kake so don kada a sa man shanu. Da yuro 12 zuwa 16 za ka tashi da ƙyar.

A Esquilino da Torpignattara akwai gidajen 'yan Bangladesh da Indiya, da yawansu na Musulmi ne, araha kuma, shinkafa da adas da ganye a ƙasa da yuro 10. Su alade da giya ba matsala ba ne, man shanu da kindirmo ne abin tambaya ga ɗan vegano na gaske. Shagunan kebab kuma suna da falafel, wani irin ƙosai, har tsakar dare, ka ce ban da farar miya. Rashin wannan rukuni ɗaya ne: ka ƙoshi, amma ba Italiya ka ci ba.

Yadda ake gano su

Manhajar HappyCow ita ce aka gina don wannan aiki, tana raba gidajen vegano zalla da na marasa nama da waɗanda kawai suke da wani abu a gefe. Google Maps ya fi ta sanin ko wuri a buɗe yake yanzu. Ni ina nema a ta farko, in tabbatar a ta biyu, in duba ranar sharhi na ƙarshe. In ya haura wata shida ba wanda ya ce komai, sai na kira kafin in taka. Trattoria da shagon pizza ba sa buƙatar manhaja.

| Zaɓi | Kuɗi a yuro | Tabbas | Sauƙin samu | Ɗorewa | Abin tambaya |
|---|---|---|---|---|---|
| Gidan vegano | 15 zuwa 30 | Sosai | A warwatse, da lokaci | Aljihu zai gaji | Giya |
| Trattoria | 15 zuwa 22 | Sai da tambaya | Ko'ina, rana da dare | Zaɓi kaɗan ne | Alade, kifi, romo, cuku, giya |
| Pizza ta awo | 4 zuwa 7 | Mai kyau | Ko'ina, duk wuni | Ba ta gina jiki | Kitsen alade, almakashi |
| Kasuwa da kanti | 10 zuwa 15 a wuni | Cikakke | Sai da kicin | Ta fi kowanne | Karanta sinadarai |
| Gidajen baƙi | 7 zuwa 16 | Mai kyau | Wasu unguwanni | Tana riƙe ciki | Man shanu, kindirmo |

Wanne ya dace da wa

Mai kwana biyu ko uku da ya zo ganin gari: pizza ta awo da rana, trattoria da dare da tambayoyinsa a waya, dare ɗaya kuma ya kama wuri a gidan vegano ya ɗanɗani carbonarar da a wani wurin ba zai iya ci ba.

Wanda alade da yanka ne kaɗai damuwarsa, ba ra'ayin vegano ba: gidajen 'yan Bangladesh da shagunan da ke da shaidar halal a Esquilino sun fi masa gidan vegano kwanciyar hankali da araha, tunda can babu maganar giya a tukunya. In ya shiga trattoria, cuku da kifi ba su dame shi ba, sai ya mai da hankali kan guanciale, strutto, romo da giya.

Wanda likita ya hana madara ko ƙwai, ko jikinsa ba ya ɗauka: ya dogara da lambobin nan, ya faɗi kalmar "allergia" a fili don ita kicin ke ɗauka da muhimmanci, kuma ya fifita gidan vegano da girkin kansa a kan shagon da ake yanka komai da almakashi ɗaya.

Ɗalibi, ɗan kasuwa mai mako biyu, ko mai iyali da yara: ya nemi masauki mai kicin kusa da Piazza Vittorio, ya yi cefane a Esquilino ranar Asabar da safe don Lahadi a rufe take, ya bar cin waje ya zama na marmari.

Wanda jirginsa ya sauka da dare, ya iso Termini ƙarfe goma sha ɗaya da jaka a hannu: falafel, ban da farar miya, sauran lissafin sai da safe.